Ranar da Alhaji Mande Ya Yi wa Kwamfutata Fifita

Ku samarin da kuke tsayawa bakin shagona kuna leƙe, kuna cewa ai aikin Tunau danne-danne ne kawai, da ku nake. Wani cikinku ya ce mani shi a wayarsa yana haɗa bidiyo kafin kununsa ya huce. Na ce madalla, bidiyon wa? Ya ce nasa ne, shi kaɗai, gaban madubi. To ni bidiyon mutane nake haɗawa, masu dangi, masu saurin fushi. Ban yi boko mai nisa ba, don haka ba za ni yi maku dogon turanci ba. Za ni faɗi yadda sana'ar take, wanda ya ji ya ji.

Aikin farko da na fara bi, suna ne a Turba. Lokacin ina koyo wurin Ladan mai kaset a Isa, Allah ya jiƙansa. Kyamarar zamanin a kafaɗa ake aza ta, nauyinta kamar ka saɓo ɗan akuya, amma ni ko taɓa ta ban yi ba. Batir da igiyar wuta anka ba ni. Munka isa, maroƙi na ta kwarara kirari, abinci na fitowa, ni duk na ƙagu a fara. Ladan ya jingine kyamarar, ya sami wani dattijo bakin zaure ya tsuguna, sunka yi ta magana ƙasa-ƙasa. Da ya taso na ce, "Maigida, ana wuce mu fa." Ya ce, "Kyamara ba ta san kowa ba a gidan nan. Kai ka san wani?" Na ce a'a. Ya ce, "Ni ma haka. Shi ya sa na je na tambayi wane ne babba." A ƙasarmu in ka nuna fuskar ƙane kafin ta wa, ko ta baƙo kafin ta liman, ba a cewa ka yi kuskure. Cewa ake an aiko ka.

Haɗawar lokacin da na'urar kaset biyu ake yi, ɗaya na nunawa ɗaya na ɗauka, yatsanka na bisa maɓallin tsayarwa. Ka yi atishawa, ka ɓata. Ladan ya bar ni ina kallo har na fara tunanin ya manta da ni, sannan wata rana ya tashi daga kujerar ya ce in zauna.

Da kwamfuta ta zo, na dawo Sabon Birni na buɗe nawa shago. Yanka da jonawa sunka zama wasa. Ka ɗauko wannan ka ajiye can, ka sa rubutun sunan masu biki, ka rage ƙarar janareta da ta shiga sauti. Amma akwai abin da ba ku gani. In ka gama shirya komai, sai kwamfuta ta bi hotunan nan ɗaya bayan ɗaya ta ƙulla su su zama bidiyo guda da za ka iya ba mutum. Masu boko rendarin suke cewa. Mu dahuwa muke ce masa, don ba shi da maraba da ɗora wake. Tsohuwar kwamfutata in na ɗora bikin aure da hantsi, sai in ci abincin rana, in yi la'asar, in je in dawo, wani ɗan layi kore yana jan ciki bai kai rabi ba. In fetur ya ƙare ko janareta ya yi tari, dahuwa ta zube, sai a koma farko.

Saboda wannan wahalar, ban taɓa ɗora dahuwa ba sai masu biki sun zauna sun kalli aikin daga farko har ƙarshe. Ina da dogon benci jikin bango. Nan za su jeru, kawu da baffa da abokin ango, mai shayi na maƙwabta yana ta shigowa da kofuna. Ana cikin kallo sai ka ji, "Tsaya! Ƙaƙa ka sa Kawu Jabbo bayan makaɗi? So kake a raba zumunta?" Wani ya ce, "Wanga mutum da ka nuna yana cin nama hannu biyu, surukinmu na, cire shi don Allah." Wani kuma ya ce a bar shi, ai haka yake. Sai sun gaji da gardama sun ce sun yarda, sannan in danna. Ni a lokacin ganin nake suna cika mani shago da surutu da ɓawon gyaɗa.

Katin girafik, wani ƙarfe da ake sokawa cikin kwamfuta don dahuwa ta yi sauri, Alhaji Mande ya kawo mani shi. Alhaji Mande ɗan kasuwa ne, yana kai kaya Nijar ya ɗauko wasu, kuma rabin saƙon garin nan a motarsa yake tafiya. Wani mai gyaran kwamfuta a Sakkwato ya rubuta mani irin wanda zai shiga tawa, na ba Alhaji, ya samo mani na hannu a Maraɗi. Ya zo da shi cikin kwalin taliya, naɗe da tsohon rawani. Ya buɗe, ya juya shi, ya hura ƴan fankokin da ke jikinsa sunka juya.

Ya ce, "Tunau, wanga abu fanka biyu gare shi. Kai ko guda ba ka da ita a ɗakinka."

Na ce, "Shi ke aiki, Alhaji."

Ya ce, "Kai kuma mi kake yi?"

Ga yadda abin yake, a yadda na gane shi. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ƙato ne guda, mai ƙarfi, mai wayo, amma shi kaɗai ne a gona, kunya ɗaya yake bi ya gama ya kama wata. Katin girafik gayya ne. Hannuwa ne barkatai, kowane ba wani wayo gare shi ba, amma kowa ya kama kunyarsa a lokaci guda, kafin rana ta take an share gonar. Dahuwar bidiyo kuwa irin aikin nan ne da gayya ke so, abu ɗaya ake ta maimaitawa.

Sai dai gayya ba ta zuwa in ba ka gayyace ta ba, kuma nan yawancinku kuke faɗuwa. Na san wani a Isa da ya sayi kati ya soka, yana ta yi wa mutane alfahari, fanka na juyawa, fetur na tafiya, dahuwa tana nan yadda take. Igiyar allon kallonsa tana tsohon ramin, bai mai da ita jikin katin ba, bai sa wa katin manhajarsa ba, kuma bai shiga saitin manhajar haɗa bidiyon ya ce mata ta miƙa aikin ga katin ba. Ya tara ƴan gayya gindin itace suna shan fura, ƙato na can shi kaɗai yana noma. Sannan gayya akwai ci. Sai da na sauya akwatin wutar cikin kwamfutar da mafi girma, na rabu da ɗan ƙaramin janaretana na nemo mai ɗan ƙarfi. Abin da ban shirya masa ba shi ne zafi. Katin nan in ya ɗauki aiki, hucinsa kamar bakin tanda.

Aikin farko da na dafa da shi, walimar wani dattijo ce daga Alƙalawa da ya dawo Hajji. Na danna, na leƙa na ce a kawo mana shayi, kafin mai shayi ya gama sheƙa shi tsakanin kofuna koren layin ya kai ƙarshe. Na zare memori na miƙa masa. Ya dube ni, ya dubi kwamfutar, bai karɓa ba.

Ya ce, "Yaro, ni za ka yi wa wayo? Na ɗan'uwana kwana ya yi. Wanga bai nuna ba, mai da shi."

Na yi bayani, na kawo zancen gayya, ya ce shi ma manomi ne kuma bai taɓa ganin gayyar da ta tashi kafin a kawo fura ba. Na ce to, Baba. Na sa memorin a aljihu. Washegari ya dawo na ba shi, ya sa a waya ya duba, ya ce, "Yawwa. Ka ga yanzu fuskoki sun fito."

Amma sauran mutane sun so saurin. Ni ma na so shi. Tunda sake dahuwa ba wani abu ba ne, na daina tsare kowa ya zauna kallo. Su ma sunka daina zama. A aiko, a karɓa, a tafi. Bencin ya koma wurin ajiye jarkar fetur, daga baya na ba mai shayi aro. Na ce na huta.

Sai muguwar shekara ta zo. Kun san ta, ba sai na ja ba. Hanyoyi sunka lalace da ƴan bindiga, anka ɗauke sabis, wanda ke son waya sai ya nufi bakin iyaka ya kamo na Nijar. Biki ya koma a ɗaura da safe kowa ya kama gabansa kafin rana ta karkata. Ba mai neman mai bidiyo. Na koma sa wa mutane karatu da wa'azi a memori, ina gyaran caja. Wani ya zo ya taya katin, na ce ba na sayarwa ba ne, na rufe kwamfutar da zane.

Cikin wannan halin, da tsakiyar bazara, Malam Buhari na Kamarawa ya aiko a kira ni. Gidansu gidan malamai ne, makarantarsu ta daɗe. Ɗalibai za su yi saukar Alƙur'ani, cikinsu har da ɗiyarsa Kulu. Baffansa, wanda kowa ke kira Malam Babba, shi ya kafa makarantar, amma ya daɗe da komawa wani gari a Nijar, ƙafafu sun ƙi, ga hanya ba daɗi. Malam Buhari ya ce, "Tunda shi ba ya iya zuwa, mu kai masa walimar." Ba sabis da za a tura, dole a ba Alhaji Mande memori ya kai da hannu.

Na je na ɗauka. An yi komai cikin hanzari. Na tambayi wane ne babba a malaman, anka nuna mani, na bi su daki-daki. Yara sunka yi karatu, Kulu ta ja nata ba gargada. Liman ya ɗaga hannu zai fara addu'a ke nan, sai wata tsohuwa ƴar firit da sanda ta fito daga cikin gida ta tsaya ƙiƙam gaban kyamarata, ta rufe liman, ta rufe kowa, tana ta magana. Na matsa dama ta biyo ni. Na matsa hagu ta biyo ni. Na haƙura na bar ta ta gama, na juya na kamo ƙarshen addu'a. Kowane biki da irinsu. Da za ni tafi na ce wa Malam Buhari ya turo wanda zai duba aikin. Ya ce, "Wa za ni sa bisa hanyar nan don kallo? Ka gama ka ba Alhaji." Da na zo haɗawa na yanke tsohuwar, na jona hannun liman da amin, ya fita tsaf.

Ranar kasuwa Alhaji Mande ya biyo karɓa, motarsa na tasha ana ɗaure kaya. Lokacin motoci a tare suke tashi, da an yi azahar, wanda ya makara ya kwana, kuma ba wanda ya san ranar da za a sake tafiya. Ya zauna bisa jarkar fetur, ya sa memorin a wayarsa yana jan bidiyon gaba da yatsa. Ya kai ƙarshe. Ya koma farko. Sai ya ɗago.

"Ina Hajo?"

Na ce, "Wace Hajo?"

"Yayar Malam Babba. Ciki ɗaya, su biyu sunka rage. Wancan zuwan da na yi, tsohon ya riƙe mani hannu ya ce, Mande, malaman nan duk na san fuskarsu, na gaji da ita ma. Hajo nake son gani. Kuma an gaya mani ta yi magana a kyamara."

Na ja janareta, na kunna kwamfuta, na buɗe ɗanyen abin da na ɗauko, na nemo wurin, na ƙara murya. Ga ta, fuskarta ta cika allo.

"Kai mai abin ga, an ce yana kaiwa har Nijar? To tsaya nan, bar rawa. Auta! Kana ganina? Ni ce Hajo. Haƙora sun ƙare, goro ma sai an daka mani. An ce wai ƙafa ta hana ka zuwa. Kai da tun kana yaro ƙafarka ke ciwo in an ce a tafi gona! To ga jikarka ta sauke, ta fi ka murya. Tsamiyar da ka faɗo tana nan, ta ce a gaishe ka. In Allah bai sa mun gana ba, na yafe maka, kai ma ka yafe mani. Kuma ka aiko mani da dabino. Mai taushi, ba irin na bara ba."

Alhaji ya yi dariya har da share ido. Sannan ya daina. Ya ce, "In na kai masa wancan babu wanga, gara in ce mota ta faɗi da shi. Su biyun nan ba wanda ke da alkawarin wata tafiyar. Mai da ita. Kuma gaba za ka sa ta, kafin malamai. Ita ce babba a gidan gaba ɗaya."

Na tambayi babba a malamai. Ban tambayi babba a gida ba, kuma ba kowa bisa benci da zai ce mani tsaya.

Da tsohuwar kwamfutata ce, da magana ta ƙare, sai gobe. Na ce, "Alhaji, ba ni lokacin shan shayi." Na ɗauko Hajo na kai ta farko, na gyara sautinta, na danna. Koren layi ya zabura kamar an kora shi. Ya wuce rabi. Sai fankokin katin sunka ɗauki kuka, allon ya yi baƙi, kwamfuta ta mutu. Rana ce tsaka, rufin kwano, shagon kamar cikin tukunya. Katin ya ji zafi ya kashe kansa.

Alhaji ya ce, "Inna lillahi. Mai fanka biyun?"

Na ce, "Zafi ne. Sai ya sha iska."

Fankata ta tsaye ta daɗe da ƙonewa. Na kwance murfin gefen kwamfutar, na jiƙa buhu na rataya a taga don iskar da ke shigowa ta yi sanyi. Alhaji ya fita, sai ga shi ya dawo da maficin mai tsiren bakin hanya, duk maiƙo. Ya naɗe hannun babbar rigarsa bisa kafaɗa, ya durƙusa gaban kwamfutar, ya shiga fifita.

Na ce, "Alhaji, kawo in yi."

Ya ce, "Kai danna abinka. Ni uwar ɗiyana ban taɓa yi wa haka ba, kada ka bari ta ji."

Na kunna, na rage wa bidiyon nauyi kaɗan tunda a waya za a kalla, na sake ɗorawa. Anka kira azahar. Direban Alhaji ya kawo motar har ƙofar shago yana ta danna ham. Alhaji bai ɗago ba, ya ce wa mai shayi da ya leƙo, "Gaya masa in ya ƙara, shi zai karɓi maficin nan." Mutane sunka taru bakin ƙofa suna kallon attajiri yana yi wa ƙarfe hidima. Wani ya ce, "Alhaji, ya tsiren, ya nuna?" Ya ce, "Na gidanku ne, jira." Gumi na ɗiga daga gemunsa, hannu ya gaji ya sauya, yana yi wa katin magana kamar jakin da ya tsaya tsakiyar gulbi: "Haba ɗan albarka, saura kaɗan. Daga Maraɗi na ɗauko ka, kada ka ba ni kunya."

Layin ya kai ƙarshe. Ban zare ba sai da munka buɗe munka ga fuskar Hajo ta fito farko tana cewa a bar rawa. Alhaji ya ƙulle memorin a bakin rawaninsa, ya yi alwala a tsaye, ya bi jam'i, ya faɗa mota. Su ne na ƙarshe a jerin, amma sun bi.

Da ya dawo, kafin ya sauke kaya nan ya fara tsayawa. Ya ce tsohon ya sa an tada shi zaune, anka riƙe masa wayar. Da ya ji maganar ƙafa sai ya ce, "Ni? Ni da na nome mata gonar gyaɗa?" Ya sa a mai da baya. Anka mai da. Ya sake sa a mai da. Har cajin wayar ya ƙare bai kai ga malamai ba, sai washegari ya ga saukar Kulu, ya sa mata albarka. Ya ba da dabino, ya kuma sa Alhaji ya ɗauke shi a waya yana ramawa. Na gyara wannan ma anka kai Kamarawa. Hajo ta kalla, ta ce ya tsufa, dabinon kuma ya yi tauri.

Har yau ba su gana ba. Amma duk tafiyar da Alhaji Mande zai yi sai ya ɗauki tsiya ya kai, ya ɗauko wata ya kawo, ni ke dafawa.

Bencina kuwa tun ranar na karɓo shi wurin mai shayi. Katin yana nan, na sa masa fanka ta uku, dahuwa ba ta ɗaukar komai. Lokacin da ya rage mani, a kan bencin nan nake kashe shi. Ko gwamna ne ya kawo aiki, sai ya turo wanda ya san gidan ya zauna ya kalla daga farko har ƙarshe, ni ke sayen shayin. In sun ce sauri suke, in nuna masu maficin da ke rataye bisa ƙusa. Mai tsire bai sake ganinsa ba.

Wanda ke son koyo cikinku ya zo, ƙofa a buɗe take. Danne-dannen za ni koya masa a ƴan kwanaki. Amma kujerar gaban kwamfuta ba yanzu ba. Benci zai fara zama.